Faɗaɗa Faifan Kwamfutar Kwaikwayo Tana Cikin Aiki

Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda manhaja irin su KVM ko VMware ke samarwa a cikin wata kwamfuta ta zahiri. Idan faifanta ya cika, rumbun bayanai yakan daina karɓar rubutu, ayyuka su tsaya cik. Wannan maƙala ta duba yadda ake ƙara mata sarari a Linux ba tare da an kashe ta ba.

Abin da ke rikita masu koyo shi ne, sararin hawa uku ne: faifan kansa, da yankin da aka yanka a cikinsa, da tsarin fayil da ke zaune cikin yankin. Ƙara girman na farko ba ya taɓa sauran biyun. Mutum zai mayar da faifai daga gigabait 20 zuwa 40, ya duba da df -h, ya tarar babu abin da ya sauya.

Kafin komai, a kwafi bayanai a adana, domin kuskure a teburin yankuna yana iya salwantar da su baki ɗaya. Daga nan a faɗaɗa faifan daga uwar na'ura. A KVM, umarnin virsh blockresize ne ya dace. Qemu-img resize kuwa ba a amfani da shi kan faifan da ke aiki, don yana iya lalata shi. Faifan virtio yakan ga sabon girmansa da kansa, amma na SCSI sai an sa shi ya sake dubawa, ta rubuta 1 a /sys/class/block/sda/device/rescan.

A yankin ne aka fi yin tuntuɓe. Umarnin growpart /dev/sda 1 yana matsar da ƙarshen yankin, ya bar farkonsa inda yake. A lura da tazarar da ke tsakanin sunan faifai da lambar. Sai dai ba zai yi aiki ba sai akwai fili kai tsaye bayan yankin. Sau da yawa yankin swap ne ke tare hanya, dole a kashe shi a cire tukuna. Haka kuma teburin MBR, mai sassan bait 512, ba ya wuce terabait 2. Abin da ya haura haka sai GPT. Wani abin takaici, growpart na buƙatar ɗan wuri a /tmp, don haka idan faifan ya cika maƙil, sai an share wasu fayiloli kafin ya motsa.

Tsarin fayil shi ne mafi sauƙi. Ga ext4, resize2fs /dev/sda1. Ga XFS, xfs_growfs tare da wurin da aka ɗora shi, kamar /. Inda ake amfani da LVM, pvresize ke fara zuwa, sannan lvextend -r. A ganin marubucin, gara a ƙara kaɗan-kaɗan, domin ext4 ba ya raguwa sai an sauke shi, XFS kuwa ba a dogara da rage shi.