FIM ƊIN "SONG TO SONG": WAƘA TA HAƊA SU, KWAƊAYI YA RABA SU

A cikin watan Maris na 2017 aka fara nuna wani fim a birnin Austin na Jihar Texas ta Amurka, wanda ya raba kan masana sinima gida biyu. Sunansa "Song to Song", watau daga waƙa zuwa waƙa. Wanda ya tsara shi kuwa shi ne Terrence Malick, dattijon nan da ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2011.

Labarin na mutum huɗu ne. Faye budurwa ce mai kaɗa gita, tana neman suna ido rufe. Ta kamu da son wani mawaƙi mai suna BV, alhali a ɓoye tana tarayya da ubangidansa Cook, attajiri mai fitar wa mawaƙa faifai, don tana tsammanin shi zai ɗaukaka ta. Shi kuwa Cook sai ya yi rajistar waƙoƙin BV da sunan kansa, kana ya auri Rhonda, ma'aikaciyar wani gidan abinci, ya jefa ta cikin shashanci har ta hallaka kanta. Rooney Mara da Ryan Gosling da Michael Fassbender da Natalie Portman su ne suka fito a matsayin mutanen nan.

Abin da ya jawo gardama shi ne yadda aka shirya fim ɗin. Malick bai ba 'yan wasa cikakken rubutaccen labari ba. A 2012 ya riƙa shiga da su taron makaɗa na gaske a Austin, mai ɗaukar hoto Emmanuel Lubezki na biye da su, har mashahuran mawaƙa irin su Patti Smith da Iggy Pop suka fito da sunayensu na ainihi. Haɗin farko ya kai awa 8, aka yi ta ragewa har ya dawo minti 129. Ba a jera al'amuran bi da bi ba, sau da yawa ma sai dai a ji mutum yana zancen zuci cikin raɗa.

Masu suka sun ce hotuna ne kyawawa marasa alƙibla. Amma wanda ya natsu zai gane lalle da gangan aka yi haka, domin rayuwar mutanen ce kanta ba ta da alƙibla: yau wannan masoyi, gobe wancan, amana kuwa babu.

Daga ƙarshe BV ya bar waƙa ya koma wajen danginsa yana aikin ƙarfi, Faye ta bi shi. Sai da suka rabu da ubangidan da ya mallake waƙarsu sannan hankalinsu ya kwanta. Kwaɗayi dai, in ji masu iya magana, mabuɗin wahala ne.