Lambun Kallo: Yadda Baƙo Zai Fahimci Lambun Japanawa

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "lambu", abin da ke zuwa zuciyarsa shi ne fadama da jigo da fangali, watau albasa da tumatir da latas irin waɗanda ake nomawa da rani a bakin Kubanni da Galma, a kai kasuwar Sabon Gari. Lambu a wurinmu wurin neman abinci ne. Saboda haka ɗalibinmu ko ma'aikacinmu da aka tura kwas ƙasar Japan, in masu masauki suka kai shi lambunsu, yana iya komowa ya ce bai ga komai ba sai tsakuwa da duwatsu. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa shi wannan lambu don kallo aka yi shi, kuma Bahaushe yana da mabuɗin fahimtarsa a cikin tsarin gidansa na gado.

Lambun duwatsu

Bari mu fara da birnin Kiyoto, wanda ya zama mazaunin sarakunan Japan tun daga shekarar 794 har zuwa 1868. A can akwai wani ɗakin ibada na mabiya addinin Buddha da ake kira Ryoanji, wanda aka kafa a 1450. Lambunsa fili ne mai tsawon mita 25 da faɗin mita 10, ko kusa da haka. Babu itace ko ɗaya a cikinsa, babu fure, babu ruwa. An shimfiɗa farar tsakuwa, an ja ta da manjagara ta yi layi-layi, sa'an nan an dasa duwatsu 15 a rukuni biyar, gansakuka ta kewaye gindinsu. Gajeriyar katanga ta ƙasa ce ta tsare filin.

Baƙo ba ya taka wannan fili. Yakan tuɓe takalmi, ya hau barandar katako, ya zauna. To, a nan ne hikimar take: duk inda ya zauna a barandar, ba zai ga duwatsun nan 15 gaba ɗaya ba, lalle sai wani ya ɓuya a bayan wani. Mai gaggawa zai ƙidaya 13 ko 14 ya tashi. Mai haƙuri kuwa zai gusa, ya ga wanda ya ɓace ya fito, wani kuma ya shige. Wasu sukan ce tsakuwar teku ce, duwatsun kuwa tsibirai. Amma ba a tilasta wa kowa wata fassara. Shi dai dutse shi ne ginshiƙin aikin tun asali, domin littafinsu mafi tsufa a kan wannan fanni, Sakuteiki na ƙarni na 11, da kalmar "kafa duwatsu" yake kiran sana'ar tsara lambu.

Hanyar da ba ta miƙe ba

Iri na biyu shi ne lambun da ake ratsawa kafin a kai ɗakin shan shayi, wanda ya kammala siffarsa a zamanin Sen no Rikyu, malamin shayin da ya rasu a 1591. An jera duwatsun takawa a karkace, tazararsu ba ɗaya ba, har dole mutum ya rage sauri ya dubi ƙafarsa. Kusa da ɗakin akwai kwarin dutse mai ruwa, an ajiye shi ƙasa-ƙasa domin baƙo ya durƙusa ya wanke hannu ya kurkure baki. Ƙofar ɗakin kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tsawonta bai kai mita guda ba. Babba da yaro, kowa da rarrafe yake shiga.

A nan ne nake so mu waiwayi gida. Wanda ya san tsofaffin gidajen birnin Zariya ya san ba a hango tsakar gida daga titi. Sai ka shiga zaure, ka fita ƙofar da ba ta yi daidai da wadda ka shigo ba, ka ratsa ƙofar gida, ka shiga shigifa, kana yin sallama a kowane mataki. Magini ya karya hanyar da gangan. Dalilinmu shi ne sutura da kunya, nasu kuwa natsuwar zuciya, amma dabarar ɗaya ce: ba a ba baƙo komai gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake buɗe masa gwargwadon ladabinsa. Haka nan wanda ya taɓa ganin zanen da tsintsiya ke bari a ƙofar gida da sassafe bai kamata layin manjagara a kan tsakuwa ya zame masa baƙon abu ba. Dukkansu aiki ne da ake sakewa kullum, kuma shi ke nuna akwai mai kula da wurin.

Aron dutse

Dabara ta uku Japanawa suna kiranta shakkei, ma'anarta aron abin kallo. Mai lambu yakan duba wani tsauni da ke nesa, wanda ba mallakarsa ba ne, ya tsara katanga da itatuwa yadda za su rufe rufin maƙwabta su bar tsaunin a buɗe, sai ka ɗauka a cikin lambun yake. Lambun Tenryuji, wanda aka kafa a 1339 a ƙarƙashin malami Muso Soseki, ya ari tsaunin Arashiyama. Na Entsuji kuwa ya ari tsaunin Hiei.

Sai dai abin aro yana hannun wasu. Bene guda ya isa ya kashe aikin shekara ɗaruruwa. Don haka a 2007 hukumar birnin Kiyoto ta kafa sababbin dokoki, ta rage tsawon da aka yarda gini ya kai, ta kuma keɓe wasu wuraren da ba a yarda a tare abin da ake hangowa daga cikinsu ba.

Mu ma muna da abin aro. Dutsen Kufena yana nan tsaye, ana hangensa daga wurare da dama a kewayen Zariya, ga kuma rimaye waɗanda har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Doko da Rimin Tsiwa. Amma dubi yadda gine-gine suka cike tsakanin Samaru da Hanwa da Sabon Gari. Mai fuloti yakan sare itacen da ya tarar, ya ja katanga, ya malale tsakar gida da siminti, sa'an nan ya koma yana kukan zafi. Ba safai ake tambayar inda taga za ta fuskanta ba, balle abin da sabon gini zai tare wa maƙwabci.

Kammalawa

Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, shawarata gare shi uku ce. Ya je da sassafe kafin taro ya yi yawa. Ya bi hanyar da aka shata, kada ya taka gansakuka ko tsakuwa. Ya zauna ya daɗe kafin ya ɗauko kyamara.

Ku kuma ma'aikatan da takardun filaye da na gine-gine ke bi ta teburinku, ba a ce ku kwaso lambun Kiyoto ku dasa a Hanwa ba. Gansakukarsu ba za ta jure hunturunmu ba. Abin ɗauka shi ne wannan: itacen da aka tarar, da dutsen da ake hange, da filin da aka bari ba gini, dukiya ce ta jama'a duka. Kafin a sa hannu a kan taswirar gini, ya kamata a je wurin, a tsaya, a duba abin da zai ɓace.