Lambar NIN: garkuwa ce, amma ba a ba da aronta

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kudu, ko a Agege yake, ko Sabon Ibadan, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, ya san yanzu ba abin da ke tafiya sai da lamba. Layin waya sai da NIN, asusun banki sai da BVN, fasfo da jarrabawar JAMB duk sai da NIN. To amma mutane da yawa sun ɗauki lambar nan kamar rasit ɗin kasuwa, kowa ya tambaya a miƙa masa. A nan matsalar take.

Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke ba da NIN, lamba 11 da aka ɗaure da hotonka da zanen yatsunka goma. BVN kuwa Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014. A Disamba 2020, lokacin Minista Isa Ali Pantami, gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. A Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba kira, sannan hukumar NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe.

Hujjar gwamnati ita ce tsaro: idan kowane layi na da mai shi, wanda ya kira neman kuɗin fansa ba zai ɓuya ba. Mu ma mun ci moriya. Da can bafatake zai sayar da tirela guda ta shanu, ya ɗaure kuɗin a jiki ya kama hanyar Arewa yana addu'a. Yau tiransifa ake yi, alat ya shigo, a yi sallama. Haka a shingen bincike, baƙon da ke da katin shaida ya fi saurin wucewa.

Sai dai tsaron bai kai yadda aka yi alkawari ba. A Janairu 2024 Pantami da kansa ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata, ga masu garkuwa da mutane na ta kiran waya. Ta ɗaya ɓangaren kuma sirrin jama'a na yoyo. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma maganar ta tayar da hankali.

Ga inda abin ya fi shafarmu. Ɓarawo ba ya rajistar layi da sunansa. Talaka yake nema, ɗan dako ko ɗan acaba ko mai tura baro, ya ce masa ana raba tallafi, kawo NIN ɗinka, tsaya a ɗauke ka hoto, ga dubu biyu ka sha ruwa. Da wannan sai a buɗe layi ko asusu. Ranar da aka karɓi kuɗin fansa ko na damfara ta asusun, kwamfuta ba ta san wanda ya yi ba, sunan da ke jiki ta sani. Kura ta ci nama, a kama kare. Kuma kun san halin da muke ciki a nan: mutum ɗaya aka kama, sai a shafa wa unguwar Hausawa duka.

Saboda haka a kiyaye abubuwa kaɗan. Kada ka yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinka, ko yaron shagonka ne. Ya je ya yi tasa, yin rajistar NIN kyauta ne a doka. Kada ka karanta wa kowa lambar sirri da banki ya turo maka, ko ya rantse daga banki yake kira. Kada ka bar takardar NIN a shagon hoto ko wurin mai POS. 'Yan ci-rani kuma, idan za ku koma gida noma, kada ku yar da layin da ke haɗe da banki. Layin da ya daɗe a kashe kamfani kan sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Idan wayarka ta ɓata, rufe layin da asusun a ranar.

Gwamnati ma da nata nauyin. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar duk kamfanin da ya karɓi bayananka me zai yi da su, ka sa a gyara kuskure, ka kuma kai ƙara idan an yi wasa da su. Wanda ya tilasta maka ba shi zanen yatsunka, amana ya ɗauka, dole ya tsare ta.

Muna roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai su riƙa faɗakarwa, musamman ga yaran da suka sauka daga mota jiya-jiya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu da mutuncinmu.