Sagara ce ko zakara? Abubuwan da ya kamata mai kiwon kaji ya sani

Idan kaza ta gama kwancin kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin maza ne. Mai neman ƙwai da bai tantance su da wuri ba, sai ya yi ta zuba wa zakaru dusa da hatsi, su kuwa ba abin da za su biya shi da shi sai cara da faɗa.

Me ya sa abin ke da wuya a farko?

Gaɓoɓin haihuwar kaza a cikin ciki suke, shi ya sa ido ba ya raba tsako namiji da mace. Masana a Japan, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto, su suka yaɗa dabarar duba duburar tsako a 1933. Aiki ne na ƙwararru a gidajen ƙyanƙyasa. Wanda bai iya ba in ya matsa cikin tsako, yana iya halaka shi.

Irin da launi ke tona asirinsu

Wasu kajin gona an haɗa irinsu ne don a gane su tun ranar farko. A irin ISA Brown, mace ja-ja take fitowa, namiji fari-fari. A wasu baƙaƙen masu ƙwai kuma, namiji na da farin ɗigo a ka. Kajin gida da suka gauraya da juna ba sa bin wannan ƙa'ida, haka ma duba tsawon gashin fiffike ba ya aiki a kansu.

Alamomi bisa makonni

Daga mako 4 zuwa 6, a duba zanko da naman da ke reto a ƙarƙashin baki. Na namiji kan riga girma ya yi ja, na mace yana nan ƙarami, koɗaɗɗe, sai ta kusa fara ƙwai yake yin ja. Ƙafafun namiji sun fi kauri, yakan miƙe wuya yana tare 'yan uwansa da ƙirji.

Daga wajen mako 12, gashi ne babban shaida. Na wuyan zakara da na gadon bayansa kusa da bindi dogaye ne, sirara, masu tsini da sheƙi, sannan gashin bindi ya lanƙwasa. Na sagara kuwa bakinsa a zagaye yake.

A wata na 4 zuwa na 5 zakara kan fara gwada cara da shaƙaƙƙiyar murya. Kajin gona kan fara ƙwai tsakanin mako 18 da 22, na gida sukan kai wata 6 ko fiye.

Abin da ba shi da tushe

Ana cewa dogon ƙwai namiji ne, zagayayye mace. Siffar ƙwai ba ta nuna haka. Riƙe tsako ta ƙafa a juya kansa ƙasa don a ga ko zai yi yunƙuri, wahalar da shi ne kawai. Ƙayar bayan ƙafa ma ba hujja ba ce, domin wasu kaji mata suna fitar da ita.

Yadda za a yanke hukunci

A kwatanta tsakin da suke iri ɗaya, ƙyanƙyasa ɗaya, kuma kada a dogara da alama guda. Sai biyu ko uku sun haɗu. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. Mai son 'yan tsaki, zakara ɗaya ya ishi kaji kamar 10. Sauran a ware musu akurki, a ƙosar da su don kasuwar Sallah, kafin su fara fige bayan matan.