Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa, alhali samarin Turai da Japan kan kashe dukiya wajen sayen gajerun sifirin domin mota ta sunkuya kusa da kwalta, ta daina tangaɗi a kwana, direban Diffa akasin haka yake bukata? Wanda duk ya taɓa ɗauko buhunan busasshen tattasai daga gonakin bakin Komadugu, wajen Geskeru ko Boso, ya ratso rairayi da kwazazzabai kafin ya hau kwaltar da ta nufi Maine-Soroa, ya san cewa motar da cikinta ya kusanci ƙasa nan take za ta kafe, ƙafafu na wulwulawa a banza. Saboda haka makanikai kan ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin na baya, domin mota ta ɗaga, ta kuma jure lodi.

Kamfanin Toyota ma ya lura da wannan maslaha: samfurin Land Cruiser 70, wanda ya fito a 1984, an sauya masa sifirin na gaba zuwa naɗaɗɗe a 1999, amma na baya aka bar shi falle-falle saboda kaya.

Sai dai akwai illa, kuma wajibi ne a faɗe ta. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, shakazoba kuwa aikinta kashe girgiza kaɗai, don haka idan aka ɗaga mota ba a sa mata shakazoba mai tsawon da ya dace ba, sannan aka jibga kaya da fasinjoji bisa rufi, kifewa a kwana ba ta da wuya, kuma rayukan bayin Allah ne a ciki.