Tsatsa, Batir Da Dalma: Abin Da Masanan Sinadarai Da Lantarki Ke Bincike A Kai

Duk wanda ya ratsa ta Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar Bauchi, zai iya cin karo da wani fannin ilimi mai zurfi ba tare da ya lura ba. Yana nan a shagon mai cajin batir, yana nan a rumfar mai cajin waya, yana nan a ɗakin da aka jera baturan sola don maganin ɗauke wutar da kamfanin JED ke rarrabawa. Har kwanon rufin da ya fara ja bayan 'yan damuna yana cikinsa. Fannin shi ne kimiyyar da ke nazarin yadda sinadarai ke haifar da lantarki, da yadda lantarki ke sauya sinadarai.

A ɗauki batirin mota. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2, shi ya sa ake ce masa mai bolt 12. Farantan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid. Yayin da ake jan wuta, wani farin gishiri na taruwa a jikin farantan, in aka sa caji sai ya narke ya koma yadda yake. In kuwa aka bar batirin a mace ya daɗe, gishirin ya daskare, shi ke nan sai mai gyara ya ce ya daina riƙe caji. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro wannan batir a 1859, shekara 59 bayan Alessandro Volta na Italiya ya haɗa batir na farko a 1800.

Tun asali fannin bai tambayi gidan da mutum ya fito ba. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, yaron shagon ɗinkin littattafai a Landan, bai taɓa zama a ajin jami'a ba. A 1813 masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, kuma cikin shekara ashirin ya fitar da dokokin da har gobe ɗalibai ke lissafi da su. A ɗaya gefen kuma ga John Goodenough, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97, tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, saboda batirin litiyom da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Akwai ɗan Afirka a wannan tarihi da ba a cika ambata ba: Rachid Yazami, haifaffen Fas ta Maroko, wanda aikinsa a Faransa wajen 1980 ya nuna cewa za a iya adana litiyom a cikin girafait a kuma fitar da shi. Girafait ɗin ne ke cikin batirin yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a yau.

To, ina 'yan Najeriya? Suna nan, kuma sun yi suna, sai dai sau da yawa a ƙasar wasu. Farfesa Kenneth Ozoemena yana Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu, yana bincike kan batura da na'urorin adana makamashi. Farfesa Emmanuel Iwuoha ya kafa ɗakin binciken SensorLab a Jami'ar Western Cape, inda ake ƙera ƙananan na'urorin gano cuta da guba. Saviour Umoren da Ime Obot, waɗanda suka taso daga Jami'ar Uyo, sun koma Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai da ke Dhahran a Saudiyya, suna yaƙi da tsatsa.

Batun tsatsar nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne da yawa daga cikin masu bincike na gida suka tattara ƙarfinsu. Tsatsa ba lalacewa ce kawai ba. Da zarar danshi ya kwanta a kan ƙarfe, wani ɓangaren ƙarfen na sakin lantarki, wani ɓangaren na karɓa tare da iskar oksijin, ƙarfen yana cin kansa a hankali. Shi ya sa ake shafe kwanon rufi da tutiya: ita ke fara zaizayewa, ƙarfen ya tsira, har ranar da ta ƙare. Wani nazari da ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta asarar da tsatsa ke jawo wa duniya a kan dala tiriliyan 2.5 a shekara.

Magungunan hana tsatsa na masana'antu suna da tsada, wasunsu kuma guba ne. Sai masana suka juya ga tsirrai. A 2006 Umoren da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna ƙaro na rage zaizayewar alminiyom, ƙaron nan dai da ake tsinka a dazukan Yobe da Borno da Jigawa. Masana a Masar sun gwada lalle. Wasu sun gwada dogon yaro da zogale. Sirrin shi ne sinadaran tsirran na mannewa a fuskar ƙarfe, su shiga tsakaninsa da abin da ke cinsa.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan bincike ya yawaita a jami'o'inmu, kuma dalilin ba ya rasa nasaba da aljihu. Ɗalibi na buƙatar 'yan gutsattsarin ƙarfe, da asid, da ruwan ganye, da sikeli mai kyau. Ya auna ƙarfen, ya jiƙa, ya ciro, ya sake aunawa. Amma wanda ke son sanin ainihin abin da ke faruwa a fuskar ƙarfen, ko ya gwada sabon batir sau ɗaruruwa ana caji ana saukewa, dole ya sami na'urar da ake kira fotenshiyostat, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar gwaji ba. Rashin waɗannan biyun na cikin abin da ke kai haziƙai waje. Abin takaici ne a ga an gwada ganye bayan ganye, an rubuta kundi bayan kundi, amma da wuya a ji wanda ya kai matakin da maƙerin ƙofa ko mai walda zai saya a gwangwani ya shafa.

Ga yaron Bauchi mai sha'awa, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana koyar da kimiyyar sinadarai da injiniyancinsu, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji. Daga digiri na farko sai na biyu sai na uku, galibi mutum na koyarwa yana karatu, yana neman tallafin asusun TETFund ko na PTDF. Ƙarin girma a jami'a kuwa ya dogara ne ƙwarai ga yawan abin da malami ya wallafa, wanda hakan ma na tura mutane ga binciken da zai kammalu da wuri.

Alhali tambayoyi masu nauyi na jira a ƙofar gida. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Ƙaramar na'urar da likitoci suka riƙa gwada jinin yara da ita a can aikin wannan fanni ce: tana tara dalmar da ke cikin ɗigon jini a kan wani ɗan falle da ƙarfin lantarki, sannan ta sake ta tana aunawa. Haka na'urar gwada suga da masu ciwon suga ke ajiyewa a gida, wadda asalinta ke komawa ga aikin Leland Clark na 1962. Irin wannan dabara za ta iya auna dalma a ruwan rijiya da ƙasar wuraren da ake fasa matattun batura.

Sai zafi. Ana gwada yawancin batura ne a ma'aunin digiri 25, kuma masu ƙera na dalma sun san cewa ƙarin digiri 8 zuwa 10 na iya rage tsawon ran batirin da rabi. Wanda ya san bazarar Bauchi ya san abin da wannan ke nufi ga magidancin da ya tara kuɗi ya sa sola. Ga kuma litiyom da ake haƙowa a Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, amma haɗa batirin kansa a wasu ƙasashe ake yi.

A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Bututun da aka binne a ƙasa ana kare shi ne ta hanyar sakar masa ɗan lantarki ko haɗa shi da ƙarfen da zai zaizaye a madadinsa, dabarar da Davy ya fara gwadawa a jiragen ruwan Ingila a 1824. Kariyar tana buƙatar masani da zai riƙa bin layin yana aunawa lokaci zuwa lokaci, muddin bututun na aiki, kuma horar da irin wannan masani aiki ne da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in Bauchi da Zariya da Kano za su iya ɗauka tun yanzu.