Birkin Tirela Kafin A Ɗauki Hanya

 Shirin namu na yau na direbobin manyan motoci ne, da yaran mota, da iyayen gidansu.

Hanyar uraniyom da ta taso daga Tawa, ta bi ta Agadas ta iso Arlit, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 saboda ma'adinan SOMAIR da COMINAK. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021, amma tireloli na nan suna dakon mai, siminti, abinci da kayan masu haƙar zinariya. Kwalta ta farfashe a wurare da dama, in kuwa ka ratse ka nufi Gougaram, sai tsakuwa da rairayi da gangaren kori. Girgiza da zafi da ƙura, su ke cin birki.

To, direba, birkin kan mota daban, na tirela daban. Kai kaɗai yana iya tsayawa cak, ka ɗauka komai lafiya. Sai an yi lodi, an zo gangara, ka taka, tirela ta ƙi ji. Nauyinta ya turo kai daga baya, mota ta naɗe ta gicciye hanya.

Shi ya sa in ka haɗa kan mota da tirela, ka tsaya kan tiyon iska biyu da ke tsakaninsu. Jan shi ke cika tankin tirela, rawayan shi ke kai mata umarnin ƙafarka. Duba robar bakinsu, don ranar nan tamu tana busar da ita har ta tsage. Bari iska ta cika, ka kashe inji, yaro ya taka birki ya riƙe, kai kuma ka zagaya kana kasa kunne. Duk inda ka ji "fiii", iska na zurarewa. Ja zoben ƙasan tanki ruwan da ya taru ya fita. Sannan ka ɗaure birkin tirela, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗan ja a hankali. In ta biyo ka tana gangarawa, kada ka tashi.

Bayan 'yan kilomitoci ka sauka ka kai hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta yi zafi fiye da sauran, birkinta na kamawa. Wadda ta yi sanyi ƙalau bayan an sha takawa, ba ta aiki.

Akwai wata ɗabi'a da ke ci mana tuwo a ƙwarya: tiyon ƙafa ɗaya ya fashe, a lanƙwashe shi a ɗaure da waya, a ce sai an kai Agadas. Tsakanin Arlit da Agadas fa kusan kilomita 240 ne, ga raƙuma na ƙetarawa, ga fasinja jingim a kan kaya.

Iyayen gida masu mota, don Allah in direba ya nemi kuɗin tiyo ko na gyaran birki, a ba shi tun mota na tasha. Allah ya kai kowa gida lafiya.